Allon Tekun da Baba Ya Ɗinke

Duk hutun makaranta sai biyu ko uku daga cikinku sun tare ni bayan sallar Juma'a. "Kawu Sani, a ɗauke ni aikin wata biyu mana, ina zuwa jim ɗaga ƙarfe, ina da ƙarfi." Sai yaro ya naɗe hannun riga ya nuna mini ƙwanji. To, madalla da ƙwanji. Amma kwasar kayan gida ba ɗaga ƙarfe ba ce. Ƙarfen da kuke ɗagawa ba shi da ƙafafun da za su kama bakin ƙofa, ba kakar kowa ce ta bar masa shi gado ba, kuma babu mai shi tsaye a bayanka yana kallon hannunka.

Na shiga sana'ar nan a farkon shekarun dubu biyu, ban daɗe da ƙetaro teku zuwa ƙasar nan daga Dogon Dutse ba. Wanda ya koya mini wani tsoho ne baƙar fata ɗan garin nan, Mista Roy. Aikina na farko da shi fiyano ne, ƙaton abin kiɗan nan mai ƙafafu, a wani gida a Sedgefield, kusa da filin wasan gwalf. Na zo da zafina na kama abin zan ɗaga, ya buge mini hannu. Ya sa na zauna na kalli yadda ake cire ƙafafun, a naɗe jikin da barguna masu kauri, a ɗaure da igiya mai kan ƙarfe, sannan a kwantar da shi a kan doli, 'yar kurar nan mai taya. Kayan aikinmu ke nan har yau: bargo, igiya, doli, tef, da gadar ƙarfen da ake zarowa daga ƙarƙashin mota. Bargon da ka yi ƙyashin sawa, shi za ka tuna ranar da teburin mutane ya karce.

Sai dai abin da ya fi wahalar da shi a kaina shi ne baki. Idan mutum biyu suka ɗauki kaya, ɗaya da baya yake tafiya. Mista Roy ya ce mai tafiya da bayan nan makaho ne, kai da kake fuskantarsa kai ne idonsa. In ka ga matakala, ka faɗa. In ka ga bango, ka faɗa. Kuma da ƙarfi, kalma ɗaya: ɗaga, sauke, tsaya. Ni kuwa an tarbiyyantar da ni ba a ɗaga wa babba murya. Ya ce muryata ta mai neman aure ce. Ya riƙa sa ni ina yi masa tsawa a cikin mota muna tafe, har na saba. Na yi shekaru a hannunsa kafin gwiwarsa ta kayar da shi, ya sayar mini da tsohon kamiyonsa, farar motar kayan nan da wasunku suka tarar.

Masu kaya iri-iri ne. Akwai matar da ta bi ni da tsumma tana goge duk inda na taɓa. Akwai tsohon soja da ya dafa mana kofi, ya hana mu fara aiki sai mun ji tarihin kowace kujera. Za ka shiga ɗakin kwanan mutum, ka ga abin da ke ƙarƙashin gadonsa, ka ga kwalaben maganinsa. Ba ka gani ba. Wannan ma yana cikin aikin, kuma ba a koyonsa a jim.

Da na samu motata sai na ɗauki abokin aiki, Yakubu, Bahaushen Kumasi. Muka yi shekaru masu kyau. Lokacin kowa daga ƙaramin gida yake tashi zuwa babba, ana kwasar kaya ana dariya, a ƙarshe ma a ba ka tsohuwar talabijin kyauta. Sai shekarar nan ta zo da bankuna suka shiga ƙwace gidaje. Abin ya juya. Wanda ke da ɗaki biyar ya koma afatmen, wato sashen haya a gidan bene, mai ɗaki biyu, kuma kayan ɗaki biyar ba sa shiga ɗaki biyu ko ka karanta musu Yasin. Kowane gida sai an yi tsibi biyu, na tafiya da na zubarwa. Mafi yawan mutane ma ba sa kiranmu, sai su ari motar ɗan'uwa su yi da kansu. Mukan yi mako ba a buga waya ba. Yakubu ya haƙura ya koma Texas wurin yayansa. Mai kwasar kaya shi kaɗai kuwa ba mai kwasar kaya ba ne, direba ne kawai.

A shekarar ne mahaifin matata Hadiza yake gidanmu. Ba zan faɗi sunansa ba, ko yanzu da ya rasu. Baba nake ce masa. Mutumin Gaya ne, a bakin kogi ya tashi, ya yi sana'ar su, ya yi fito, da ya manyanta ya koma gyaran jiragen ruwa. Mun kawo shi aikin yanar ido. An yi ɗaya, ana jiran lokacin ɗayan. Ku da aka haifa a nan ba za ku gane abin da ake nufi da zama da suruki a afatmen mai bayi ɗaya ba. In na shigo sai na durƙusa na gaishe shi, na wuce ɗaki. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Wanka sai na tabbata ya fita. Duk maganar da ta wuce gaisuwa, Hadiza ce ke kaiwa ta kawo.

Wata safiya na sauko zan tayar da mota, sai na tarar da shi zaune a kujerar gaba, da tsohuwar kwat ɗina a jikinsa da hularsa.

"Baba, ina za a kai ku?"

"Inda za ka," ya ce, yana kallon gaba.

Na koma sama da sauri. "Hadiza, je ki sauko da Baba."

"Ya ji ka jiya a waya kana mayar da aiki don ba ka da na biyu," ta ce. "Tun asuba ya tambaye ni makullin. Ni ba zan iya ba. In kai za ka iya, ga shi can."

Ban iya ba. Haka muka fara.

Ƙarfi dai yana da shi, ƙarfin mai tuƙin jirgi, a kafaɗa da baya. Ɗaurin igiya kuwa ban taɓa komawa na duba abin da ya ɗaure ba. Lokacin azahar mu shimfiɗa bargon kaya a inuwar mota ya ja mu salla. Lokacin abinci shi ya ci a gaban mota, ni na zagaya baya na ci a tsaye. Duk wannan da sauƙi. Matsalar bakina ce. Abin da Mista Roy ya yi shekaru yana sa mini, rana ɗaya ya zube. Maimakon "ɗaga" sai na ji kaina ina cewa, "Baba, da za a ɗan ɗaga ta wajen hagu, ina ga da ya yi." Kafin na kai ƙarshen maganar, kujera ta riga ta gaisa da bango. Ga shi kunnensa ɗaya ƙarar injin jirgi ta kashe masa ji.

Magana kuma ta zaga gari. Na shiga kantin Alhaji Mudi a kan High Point Road, titin da yanzu kuke kira Gate City, zan sayi garin masara. A gaban mutane ya ce, "Sani, an ce surukinka ne yaron motarka yanzu? Bayan 'yar da ya ba ka, har da bayansa za ka haɗa?" Aka yi dariya. Na biya kuɗin gari na fita, na manta garin a kan kanta.

Aikin da nake so ku ji a Summerfield aka yi shi, ƙarshen bazara. Babban gida ne a bayan wata gonar dawaki, da gareji mai cin mota uku. Mai gidan, Mista Tom, gidaje yake ginawa yana sayarwa, har ranar da banki ya zo kan nasa. Dogo ne, mai furfura a gefen kai, ba ya son magana. Matarsa ce ke nuna mana wannan na tafiya ne, wancan na zubarwa. Muna cikin aiki sai ya hau tsani da kansa ya sauko da wani dogon abu daga rufin gareji. Allo ne mai santsi, ya fi tsawon mutum da rabi, launinsa ya koma ruwan ƙwai don tsufa, da jan layi a tsakiya. Irin wanda Turawa ke shiga teku da shi, su tsaya a kai igiyar ruwa ta kwaso su zuwa gaɓa. Ya ce tun yana saurayi a bakin teku yake da shi. Ya ce a sa shi a ƙarshe, a saman kaya, kada a ɗora masa komai.

Na naɗe shi da bargo. Don kada ya taɓa siminti, na ɗora kansa a kan kwali ɗaya, gindinsa a kan wani, tsakiyar a sama kamar gada, a gefen hanyar da muke bi zuwa mota. Na shiga cikin kamiyo ina jera kaya.

Da na ɗago sai na hango Baba ya fito daga gareji da injin wanki a kan doli, yana jansa da baya. Ya kauce wa hanya kaɗan, ta wajen idon da ba a yi wa aiki ba. Kai tsaye allon ya nufa. Akwai lokaci. Da Yakubu ne, da na buga tsawa ɗaya ya ƙame a wurin. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, a yi hankali, akwai..."

Dunduniyarsa ta bugi kwali. Ya tafi da baya ya zauna a tsakiyar allon da nauyinsa duka, injin ya biyo shi. Ƙarar kamar an karya busasshen reshe.

Na diro daga mota na ɗage injin daga ƙaurinsa. Yana kwance a kan siminti, rigarsa ta yaye har ciki, hularsa ta gangara ƙarƙashin mota. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa ganin kansa ba hula ba. Na miƙa masa hannu ina kallon gefe. Bai kama ba. Ya tashi da kansa, ya gyara riga, ya durƙusa ya buɗe bargon.

Allon ya rabu biyu, sai wata 'yar fata da ta riƙe gefe ɗaya. Cikinsa fari ne, irin busasshen soson da ake naɗe talabijin da shi, da siririn katako a tsakiya wanda shi ma ya karye.

Mista Tom ya fito. Na shirya wa zagi, na ma fi son zagin. Ya tsaya ya kalli allon ya daɗe. Sannan ya tambaye ni ko tsohon ya ji ciwo. Na ce kaɗan ne. Na ce laifina ne, ni na ajiye shi a hanya, zan biya, ko a bar kuɗin aikin. Ya girgiza kai. Matarsa daga bakin ƙofa ta ce ai shekara da shekaru abin nan bai taɓa ruwa ba, dama ina za a sa shi a ƙaramin wurin da za su koma. Bai kalle ta ba. Ya ce da ni, "Sa shi a na zubarwa." Ya koma ciki.

Na ɗauki ɓari ɗaya zan kai tsibin shara, Baba ya dafa shi.

"Me ya ce?"

"Ya ce ba komai, Baba. Ya ce a zubar."

"Mene ne shi?"

Na yi masa bayani iya yadda zan iya. Ya juya ɓarin, ya shafa cikinsa, ya duba yadda hancin ya ɗaga sama, ya taɓa ɗan fiffiken da ke ƙasa.

"Ashe jirgi ne," ya ce. "Jirgin mutum na fasa." Ya mayar da bargon ya naɗe ɓarin biyu, ya ɗaure, ya kai gaban mota ya jingina a inda yake zama. Muka gama aikin yana ɗingishi, muka sauke kayan a wani afatmen a bene na biyu a kan High Point Road. Allon ya biyo mu gida.

Kwana biyu yana jingine a barandarmu ina tunanin yadda zan yi da shi. Abu mafi sauƙi na kai shi juji, tunda mai shi ya ce a zubar. Abokina Iliya, kafinta ne mutumin Jos, ya zo ya gani ya ce a ba shi ya yi benci da ɓari ɗaya, ɗayan a yi kantar littattafai a cocinsu. Ni dai na nemi lambar wani mai gyaran irin waɗannan alluna a Wilmington, can bakin teku, na kira shi. Ya ce yana gyaruwa, ko da yake ba zai koma kamar da ba. Ya ce na kawo shi yadda yake, kada na sa masa gam, kada na huda shi, kada ruwa ya shiga soson. Tafiyar wuni ce zuwa da dawowa, ga mai, ga ladan gyara, a shekarar da muke lissafin buhun shinkafa. Duk da haka na yanke zan kai shi in an samu sarari. Na ce wa Hadiza ta gaya wa Baba.

"Ka makara," ta ce. "Leƙa baranda."

Na leƙa ta labule. Baba ya ɗauko injin huda daga akwatin kayan aikina. Ya jera ramuka a bakin kowane ɓari, sama da ƙasa, a daidaice kamar an auna da ma'auni. Yana zaune a kan tabarma da allon a cinyarsa, ƙaurinsa ɗaure da bandeji.

"Ki ce masa mai gyara ya ce kada a huda."

"An riga an huda, Sani. Yanzu in na faɗa masa, me zai yi da maganar? Tun ranar ko abincin kirki bai ci ba. Sai yau da ya fara wannan ya nemi ƙari."

Washegari ya aiko ta da saƙo: yana son igiyar nailan siririya, da sillen katako biyu, da kwalta. Na je na sayo, irin kwaltar da ake liƙe rufin gida.

A Gaya haka suke yi. Babban jirgi sau da yawa ɓari biyu ne ake haɗawa a tsakiya, a huda, a ɗinke da igiya, a cusa tsumma a tsagar, a bi da kwalta. Jirgin ya yi shekaru yana ɗaukar shanu da buhuna. Abin da ya yi wa allon ke nan. Ya sa katako sama da ƙasa kamar ɗorin karaya, ya bi rami-rami da igiya yana ja da haƙori da ɗan ƙarfe, ya yayyaga tsohuwar rigarsa ya cusa, ya shafe da kwalta. Ya yi kusan mako, duk ranar da ba mu da aiki. Maƙwabta suka yi ƙorafin wari. Da ya gama, abin ya haɗu gam, ka ɗaga kai ɗaya ɗayan ya biyo. Amma ya yi nauyi, ga baƙar ɗamara mai kauri a tsakiya, ga ƙullin igiya a daidai inda mutum zai sa ƙafa. Ko ni da ban taɓa shiga teku ba na san babu mai hawansa.

Ran Asabar da safe ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Wannan karon bai aiko Hadiza ba. "Baban Nafisa," ya ce, don da sunan 'yarmu yake kirana, "ka kai ni wurin mai jirgin."

Na so mota ta ƙi tashi. Ta tashi. Muka hau benen, shi a gaba da allon, ni a baya ina riƙe da gindin. Mista Tom ya buɗe ƙofa da gajeren wando, bai yi aski ba. Kwalayen da muka sauke suna nan yadda muka bar su, ko tef ba a yanke ba. Ban ga matar ba, ban ga kayanta a inda muka ajiye su ba, ban kuma tambaya ba.

Baba ya jingina allon, ya buɗe bargon, ya ja da baya. Ya yi magana mai tsawo. Ya ce shi mutumin ruwa ne, ya san abin da jirgi yake ga mai shi. Ya ce a garinsu wanda ya fasa jirgin wani ba ya barci sai ya mayar da shi ruwa. Ya ce idonsa ne ya ci amanarsa, ba ganganci ba ne, a yafe masa. Ya ce ɗinkin nan irin wanda ubansa ya koya masa ne, bai taɓa ba shi kunya ba.

Ya juyo gare ni. "Faɗa masa."

Na faɗa, amma a gajarce, ina kallon kafet. Na ce tsohon yana ba da haƙuri, ya gyara da hannunsa irin yadda ake gyaran jirgi a ƙasarmu.

Mista Tom ya matso. Ya bi ɗinkin da yatsa, kwalta ta manne masa, ya duba yatsan. Ya ɗago ya kalle ni, na kalle shi. Shi ya sani, ni na sani, kuma ya ga na sani. Da ya yi dariya, ko ya ce mun ƙarasa lalata masa abu, da na san inda zan sa kaina. Sai ya ce wannan aiki ne mai yawa. Ya ce na gode wa tsohon. Ya miƙa wa Baba hannu, Baba ya kama da hannu biyu.

"Ka ce masa ya gwada shi a ruwa," Baba ya ce. "In ya sha ruwa ta wani wuri ya aiko, ina nan har a yi mini ɗayan idon."

Na faɗa. Mista Tom ya ce to, zai gwada. Ya ja allon ciki ya jingina shi a lungu tsakanin kwalaye, kansa na gogar silin. Kafin ya rufe ƙofa warin kwalta ya riga ya cika ɗakin.

A mota Baba ya yi ta hira, abin da bai taɓa yi da ni ba. Ya ba ni labarin shekarar da kogi ya cika ya shiga kasuwa, da dorinar da ta kife jirgin ƙaninsa. Ni dai "to, Baba" nake ta cewa.

Bayan kamar mako biyu aka kira mu kai wa wata mata firji a wannan rukunin gidajen. Ban so karɓa ba, amma a shekarar ba a mayar da aiki. An kwana biyu ana ruwa, ranar ne aka ɗauke. Hanyar shiga ɗaya ce, kuma ta gaban wurin zuba shara take bi, inda manyan tankunan ƙarfen nan suke. Tun daga nesa na hango shi. Bai shiga tankin ba saboda tsawo, an jingina shi a gefe, tsakanin wata jiƙaƙƙiyar katifa da karyayyar kujera. Baƙar ɗamarar tana ƙyalli a rana.

Ta gefen Baba yake, ta wajen idon da aka gyara. Na taka mai, na fara wata magana a kan firjin, ko zai shiga ƙofa.

"Tsaya," ya ce.

Na tsaya. Ya buɗe ƙofa ya sauka a hankali saboda ƙafar. Na zauna riƙe da sitiyari, sannan na ga zaman bai dace ba, na sauko na tsaya daga baya. Wata mata ta zo zuba shara, ta kalle mu, ta wuce.

Ya ɗage katifar daga jikin allon. Ya sa babban yatsa ya danna ɗinkin, ƙulli bayan ƙulli, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya juya shi ya duba bayan. Ya kama kai ɗaya ya girgiza da ƙarfi. Ya sa kunnensa mai ji a jiki ya ƙwanƙwasa.

"Kwana biyu a ruwan sama," ya ce, ba da ni yake ba. "Bai sha ba."

"Baba," na ce, "wataƙila wurin ne ya yi masa kaɗan. Ɗakin ƙarami ne, kun gani. Bari na sa shi a mota. Sai mu ajiye a gida, ko Iliya ya yi..."

"A'a."

"Ko don aikin da kuka yi, Baba."

Ya mayar da allon ya jingina shi yadda ya same shi, har ya gyara masa tsayuwa don kada iska ta kayar. Ya zaro hankici ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Na fasa, na ɗinke, na mayar wa mai shi," ya ce. "Daga nan ba nawa ba ne, ba naka ba ne. Shi ya ajiye abinsa a nan. In muka ɗauka, gobe ya leƙo ta taga ya ga babu, zai san mun gani." Ya ɗaga kai ya dubi benen, sannan ya sauke. "Mutumin da aka raba da gidansa, a bar masa wannan."

Ya juya ya nufi mota. Da ya zo hawa ƙafar ta ƙi, ya yi ƙoƙari sau biyu. Na tsaya ban san ko na taɓa shi ba. Bai waiwayo ba, ya miƙo hannu baya, na sa kafaɗata ya dafa ya hau.

Na zagaya na shiga. Ya riga ya ɗaura bel ɗin kujera, yana kallon gaba.

"Ja mota, Baban Nafisa," ya ce. "Matar can abincinta na lalacewa."